Tukunya Ɗaya, Ƙofa Daban-daban: Tarihin Zaman Haɗaka da Tsufa a Gida a Danmak da Suwidin

Gabatarwa

A arewacin Turai, musamman a ƙasashen Danmak da Suwidin, akwai wani tsarin zama da iyalan da ba su haɗa jini ba kan gina gidajensu wuri guda. Kowane iyali yana da ƙofarsa da ɗakunan kwanansa da ɗan ƙaramin kicin, amma a tsakiya akwai babban gida na kowa da kowa, inda ake girki a ci tare, a yi wanki, a reni yara, a kuma zauna shawara. Mutanen Danmak suna kiran wannan tsari bofællesskab, wato tarayya a wurin zama, na Suwidin kuwa suna cewa kollektivhus. A wannan rubutu za a kira shi zaman haɗaka, babban gidan tsakiya kuma gidan tarayya.

Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin, mata masu zuwa aiki da yara ƙanana ne a ransu. Tsofaffi ba sa cikin lissafinsu. Sai dai wanda ya gina gida yana ɗan shekara talatin, in kwana ya yi tsawo, a cikinsa furfura za ta same shi. Tarihin waɗannan gidaje na sama da shekara ɗari ya nuna abu biyu: aikin da mazauna ke yi da hannunsu shi ne ya raya zaman, tsufa kuma shi ne ya bayyana iyakar nauyin da maƙwabtaka za ta iya ɗauka.

Gidajen da ma'aikata ke yi wa hidima

Tushen al'amarin yana komawa farkon ƙarni na 20. A 1903 wani shugaban makaranta mai suna Otto Fick ya sa aka gina wani bene a Kofanhagan, babban birnin Danmak, wanda ke da kicin guda ɗaya babba ga dukkan mazaunansa. Ma'aikata ne ke girki, sannan a aika wa kowane iyali abincinsa cikin wani ɗan akwati da ake ja sama da ƙasa ta cikin bango. Dabarar Fick mai sauƙi ce: iyalai masu matsakaicin hali, waɗanda ɗaukar ƴar aiki ya fara yi musu tsada, su haɗa kuɗi su riƙe ma'aikata tare. A irin wannan gida mutane ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa kuma yi wa juna komai. Hidima kawai suke saye a dunƙule.

A Suwidin tunanin ya sami sabon ƙarfi a shekarun 1930, lokacin da haihuwa ta ragu ƙwarai har abin ya zama batun siyasa. Alva Myrdal, masaniyar zamantakewa, tana ganin mace ba za ta iya haɗa aikin albashi da haihuwa ba muddin girki da wanki da reno duk suna kanta ita kaɗai. Ita da masanin zanen gine-gine Sven Markelius suka tsara wani bene da aka buɗe a 1935 a titin John Ericsson a birnin Istokholm. Akwai gidan abinci a ƙasa, da wurin renon yara, da ɗakin wanki, duk ma'aikata ne ke gudanar da su. Manufar ita ce matan ma'aikata su samu sauƙi, amma kuɗin hayar da na hidimar sun fi ƙarfin talaka, don haka ƴan boko masu albashi mai kauri ne suka cika gidan.

Nan raunin tsarin yake. Gidan da ya dogara ga ma'aikata yana tafiya ne muddin ladan ma'aikaci na da arha. Da albashi ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai riƙe mai girki da mai wanki ya zama jidali, gidajen suka riƙa rufe kicin ɗinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a Hässelby

A tsakiyar shekarun 1950 wani ɗan kwangilar gine-gine, Olle Engkvist, ya gina wani katafaren gidan irin wannan a unguwar Hässelby da ke yammacin Istokholm, mai sassa 328. Yana da gidan abinci wanda wajibi ne mazauna su sayi takardun cin abincinsa kowane wata. Engkvist ya rasu a 1969, waɗanda suka karɓi kamfaninsa kuma ba su ga ribar ci gaba da hidimar ba. Bayan doguwar jayayya da ƴan haya, aka rufe gidan abincin a 1976.

Mazaunan ba su watse ba. Wasu daga cikinsu suka shiga kicin ɗin suka fara girki da kansu, bi da bi, don nuna wa masu gidan cewa ba su yarda ba. A nan suka gano abin da ba su zata ba: abincin ya fi arha, kuma mutanen da suka shekara ashirin suna gaisawa a bakin ƙofa sai yanzu suka san juna, a wajen fere dankali da wanke tukwane. Ko da aka hana su babban kicin ɗin daga baya, sai suka koma wani ƙaramin ɗaki suka ci gaba.

A daidai wannan lokaci wasu mata a Istokholm suka kafa wata ƙungiyar nazari da ake kira BiG, taƙaitaccen suna mai nufin zama cikin jama'a. A littafin da suka fitar a 1982 sun ƙi yarda da ra'ayin magabatansu cewa aikin gida wahala ce zalla da ya kamata a miƙa wa wani. A ganinsu girki da reno aiki ne mai daraja, abin da ya mai da shi ƙangi shi ne mace ɗaya ta yi shi kullum ita kaɗai a rufe. Idan aka yi shi cikin jama'a, maza da mata, sau ɗaya a mako biyu ko uku, ya zama abin marmari. Suka ba da shawarar gina gidaje madaidaita, waɗanda ba su kai girman na Hässelby ba, domin kowa ya san kowa. An fara gwada wannan tsari wajen 1980 a wani bene mai suna Stacken a birnin Gotenbog, kuma kafin farkon shekarun 1990 an samar da kusan hamsin irinsa a Suwidin, yawancinsu na haya a hannun kamfanonin gidaje na ƙananan hukumomi.

Danmak: yaro mai iyaye ɗari

A Danmak hanyar ta bambanta, domin can iyalai ne suka tashi da kansu, da kuɗinsu da bashin banki. A 1964 wani masanin zanen gine-gine, Jan Gudmand-Høyer, ya tara abokansa suka sayi fili a Hareskov, bayan garin Kofanhagan, da nufin gina gidaje goma sha biyu kewaye da gidan tarayya. Hukuma ba ta ƙi ba, amma maƙwabta suka tayar da ƙayar baya har aikin ya rushe. A 1967 marubuciya Bodil Graae ta buga wata maƙala a jaridar Politiken tana cewa ya kamata kowane yaro ya kasance da iyaye ɗari, wato ya tashi a unguwar da kowane babba ke jin nauyinsa. Shekara guda bayan haka Gudmand-Høyer ya buga tasa maƙalar a jaridar Information. Iyalai masu yawa suka amsa kiran, aka shiga taro da neman fili.

Sakamakon shi ne unguwanni biyu. A 1972 iyalai 27 suka tare a Sættedammen, kusa da garin Hillerød, wadda ake ɗauka a matsayin unguwar haɗaka ta farko a wannan zamani. A 1973 wasu iyalai 33 suka tare a Skråplanet, a Jonstrup. An ajiye wurin motoci a gefe, aka bar tsakiyar unguwa ga masu tafiya a ƙasa da yara masu wasa, aka kuma sa hanyar kowa ta bi ta gaban gidan tarayya, don mai dawowa daga aiki ya ga wanda ke girki ya tsaya su gaisa.

Da farko sai masu iya sayen gida ne ke shiga. Amma a 1978 aka buɗe Tinggården a kudu da Kofanhagan, mai gidaje 79 na haya da aka kasa rukuni shida, kowane rukuni da gidan tarayyarsa. A 1981 kuma majalisa ta yi dokar tallafa wa gina gidaje na ƙungiyoyin gama-kai. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi, da iyayen da ke renon ƴaƴa su kaɗai, da waɗanda suka manyanta.

Yadda ake raba aiki

Ginshiƙin zaman haɗaka shi ne abincin dare. Misalin da aka fi ambata shi ne na Trudeslund, unguwa mai gidaje 33 da aka buɗe a 1981 a Birkerød. A can ana cin abinci tare kusan kowane dare, mutum biyu ne kuma ke girkin kowace rana. Da yake manyan unguwar sun kai wajen sittin, layi kan zagayo kan mutum sau ɗaya ne a wata. Ranar da ta faɗo kansa zai yi cefane, ya dafa wa jama'a masu yawa, ya wanke kwanuka. Sauran kwanakin kuwa sai dai ya wanke hannu ya zauna. Ana lissafa abin da aka kashe a raba wa waɗanda suka ci, wanda bai so zuwa ba kuma ya ci a gidansa babu mai tuhumarsa.

Sauran ayyukan ma haka ake kasa su: rukunin shara da goge-goge, rukunin lambu, rukunin gyaran gini, rukunin lissafin kuɗi. Babu mai unguwa da ke ba da umarni. Ana yanke hukunci ne a taron mazauna, sau da yawa ta hanyar tattaunawa har a daidaita, abin da kan cinye lokaci ya kuma gwada haƙurin mutane. Rigimar da aka fi yi a irin waɗannan unguwanni ba ta wuce ta wanda ba ya yin rabonsa, da ta hayaniyar yara, da ta karnuka da kyanwoyi.

Amfanin wannan jadawali ya zarce cika ciki. Mutumin da ake jira ya zo ya yanka albasa ranar Talata, idan bai zo ba za a lura, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A nan jadawalin girki ne ke tilasta wa ƙafar tafiya. Wannan ne ya zama babban jari lokacin da mazauna suka fara tsufa.

Manufar gwamnati game da tsofaffi

Ba za a fahimci tsufa a waɗannan unguwanni ba sai an san abin da hukuma ta ɗauke wa iyali. Tun 1956 Danmak ta yi dokar fansho ga dukkan tsofaffin ƙasa. A shekarun 1960 da 1970 mata suka fita aiki da yawa, babu mai zama gida ya yi jinyar iyaye, sai gwamnati ta yi ta gina gidajen kula da tsofaffi. Kuɗin da ake kashewa ya yi yawa, tsofaffin kuma suna kokawa cewa shiga irin wannan gida tamkar an karɓe musu ragamar rayuwarsu ne.

A 1979 aka kafa wani kwamitin bincike kan al'amuran tsofaffi, wanda ya kammala aikinsa a 1982. Ya shimfiɗa ƙa'idoji uku: rayuwar tsoho ta ci gaba yadda ya saba ba tare da an yanke ta ba, shi ne zai riƙa yanke wa kansa hukunci, kuma a bar shi ya yi amfani da sauran ƙarfinsa maimakon a yi masa komai. A 1987 aka yi dokar da ta tsayar da gina gidajen kula da tsofaffi irin na da. Manufar ta koma ga mutum ya zauna a gidansa iya tsawon lokacin da zai yiwu, ƙaramar hukuma ta riƙa aiko masa ma'aikatan jinya da masu taimakon gida, ana biyan su daga haraji.

Dokar ta magance matsala ɗaya ta bar wata. Ma'aikaciyar jinya za ta zo ta ba da magani, ta yi wa tsohuwa wanka, ta tafi. Sauran yinin kuma tsohuwar tana zaune ita kaɗai tsakanin bango huɗu. Kaɗaici shi ne giɓin da zaman haɗaka ya shigo ya cike.

Tsofaffi su kaɗai, ko a cakuɗe da yara?

Nan ra'ayi ya rabu biyu. Wasu tsofaffi sun ce sun gama reno, ba sa bukatar unguwar da komai nata ke tafiya bisa lokacin makaranta da kukan jarirai. Tun 1982 wasu mata biyu a Kofanhagan, Tove Duvå da Lissy Lund Hansen, suka shiga fafutukar samar da zaman haɗaka na dattijai zalla. A 1987 aka buɗe na farko, Midgården, tare da kamfanin gidajen haya na Lejerbo, daga nan kuma irinsa suka yaɗu a faɗin ƙasar.

A Suwidin misalin da ya yi fice shi ne Färdknäppen, bene mai sassa 43 a tsakiyar Istokholm, wanda aka tare a cikinsa a 1993. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kai shekara arba'in kuma babu yaro a gabansa. Akwai hikima a sa iyakar a arba'in maimakon sittin da biyar. Waɗanda suka kafa gidan sun hango cewa idan kowa ya shiga da tsufansa, to rana ɗaya ƙarfin kowa zai ƙare, a rasa mai ɗaga tukunya. Sai suka nemi a samu masu zuwa aiki da masu fansho a haɗe. An kasa mazauna rukuni shida, kowane rukuni yana girkin mako guda daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ya huta mako biyar. Wanda ƙafa ta gaza masa yana iya zama a kujera ya gyara ganye ko ya jera cokula, a lissafa masa cewa ya yi rabonsa.

Wasu kuma sun zaɓi tsaka-tsaki. A Munksøgård, kusa da garin Roskilde a Danmak, an gina gidaje 100 a shekarar 2000, aka kasa su rukuni biyar na ashirin-ashirin: ɗaya na matasa, ɗaya na dattijai, uku na iyalai. Kowane rukuni da gidan tarayyarsa, amma filin da ayyukan unguwa na kowa ne. Ta haka tsoho yana da wurin da zai sami natsuwa, kuma yara ba su yi masa nisa ba. Akwai gidajen saye, da na gama-kai, da na haya, domin kada kuɗi ya tace masu shiga.

Unguwannin farko irin su Sættedammen da Skråplanet kuwa tsufa ya same su ne ba shiri. Wanda ya tare a 1972 yana ɗan talatin, a 2022 ya cika tamanin. Skråplanet a kan gangare aka gina ta, gidajenta hawa-hawa ne, abin da saurayi ba ya ko lura da shi amma ya zama shinge ga mai sanda ko keken guragu. Ga kuma tsadar gidaje a kewayen Kofanhagan, wadda kan sa matasa masu ƙananan yara su kasa sayen gidan da ya faɗo kasuwa. Unguwar da ba ta samun sababbin iyalai, aikinta yana nan yadda yake amma hannayen yi suna raguwa. Saboda haka unguwannin da aka gina daga baya suka riƙa haɗa manyan gidaje da ƙanana, suna kuma rage matakala, don wanda ƴaƴansa suka tashi ya koma ƙaramin gida ba tare da ya bar maƙwabtansa ba.

Iyakar maƙwabtaka

Abin da gogayya ta koya wa mazauna shi ne a bambanta taimako da jinya. Maƙwabci zai yi wa tsoho cefane, ya kai shi asibiti, ya kawo masa abinci daga gidan tarayya, ya leƙa shi da safe in bai ga an ɗaga labule ba. Amma wanka da sauya tufafi da kwana a kan mara lafiya aikin ma'aikatan hukuma ne ko na dangi. Unguwannin dattijai da yawa suna faɗa wa mai neman shiga wannan tun farko, wasu ma suna da iyakar shekarun da ba sa karɓar sabon mutum in ya wuce ta. Suna tsoron kada zumunci ya rikiɗe ya zama bashi, har mutum ya fara ɓoye ciwonsa don kada ya zama kaya. Gigin tsufa kuwa shi ne jarrabawa mafi tsanani, domin yana kai mutum inda ba jadawali ba taro da zai riƙe shi, sai wurin da ake kula da shi dare da rana.

Wannan ya sa tsarin ya fi sauƙin tafiya a ƙasashen da hukuma ke ɗaukar nauyin jinya. Ya dai ƙetara zuwa wasu wurare. Wasu masana zanen gine-gine biyu daga Amurka, Kathryn McCamant da Charles Durrett, sun yi nazarin unguwannin Danmak suka fitar da littafi a 1988, su ne kuma suka raɗa wa tsarin sunan cohousing da Ingilishi. A 1991 aka buɗe ta farko a Amurka, Muir Commons, a garin Davis na jihar Kalifoniya. A Ingila wata ƙungiyar mata ƴan shekara hamsin zuwa sama ta shafe shekara goma sha takwas tana neman fili da kuɗi kafin su tare a gidansu mai sassa 25 a arewacin Landan a 2016. A inda jinya ke kan aljihun mutum, kamar Amurka, tambayar wa zai ɗauki nauyin wanda ya kwanta ta fi nauyi ƙwarai.

Kama da bambanci da gandu

Ɗalibin Hausa zai ga kamar ya san wannan zama. A tsarin gandu uba da ƴaƴansa maza masu aure kan noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, mata na karɓar girki bi da bi, kowa kuma yana da ƴar gonarsa ta kansa, wadda ake kira gayauna, ko gamana a wasu sassan Nijar. Tsoho a gandu yana tsufa a ɗakinsa, jikoki na kewaye da shi. Bambancin shi ne gandu jini ne da gado da ikon mai gida suka ɗaure shi, shi ya sa sau da yawa yakan watse bayan rasuwar uba. Zaman haɗaka kuwa yarjejeniya ce tsakanin baƙi, ba shi da mai gida, kowa da aljihunsa, maza na shiga kicin kamar mata, kuma jinyar da dangi ke yi a gandu hukuma ce ke yin ta a can.

Kammalawa

Daga benen Otto Fick na 1903 zuwa Munksøgård na 2000, tsarin ya sauya daga sayen hidima zuwa yin ta da hannu. Gidajen da suka dogara ga ma'aikata sun mutu da albashi ya tashi, waɗanda suka dogara ga jadawalin mazauna kuma suna nan, wasu sun haura shekara hamsin. Ga tsoho ribar ta kasu biyu: yana da masu lura da shi, yana kuma da aikin da ake jiransa ya yi, wanda ke hana shi jin cewa an ajiye shi gefe. Sai dai zaman ba ya ɗorewa sai da sharuɗɗa uku da tarihin ya fito da su: ginin da mai rauni zai iya yawo a cikinsa, sababbin matasa da za su karɓi aiki daga hannun waɗanda suka gaji, da wata kafa ta jinya a waje wadda za ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin maƙwabci.